Mene ne Samfur a Kiɗa, Kuma Yaya Yake Ƙulla Faifai da Faifai?

Tun da Burna Boy ya saki "Last Last" a 2022, kalmar samfur ta ƙara yawo a bakin masu sauraron kiɗa. Duk wanda ya yi samartaka a farkon shekarun 2000, da jin buɗewar waƙar zai ce ai ya san wannan kiɗa. Ya kuwa san shi, domin na Toni Braxton ne, daga waƙarta "He Wasn't Man Enough" ta shekarar 2000. Wasu suka ce sata ce, wasu suka ce kwaikwayo, alhali abin yana da sunansa da ƙa'idojinsa.

Samfur shi ne a yanko wani guntun sauti daga kiɗan da aka riga aka naɗa, a dasa shi cikin sabon kiɗa. Ainihin sautin ake ɗauka, wato hannun makaɗin nan da ya buga a wancan situdiyo a waccan rana, har da ƙarar ɗakin, wani lokaci har da ƙaras-ƙaras ɗin allura a kan faifai. Ana iya rage masa sauri, a ƙara masa kauri, a daddatsa shi ko a sa ya yi ta maimaita kansa, amma tushensa na nan. Wanda ya san tahamisi zai gane abin da sauri: malami ya ɗauki baitocin magabacinsa yadda suke, ya gina nasa ɗangwayen a kansu, waƙa ta zama sabuwa alhali tsohuwar tana zaune a cikinta.

Inda mutane ke rikicewa shi ne tsakanin samfur da sake bugawa. Idan mai fiyano a wani situdiyon Kano ya ji karin waƙar Indiya ya buga shi da yatsunsa, kari ya ara, bai ɗauki samfur ba. Haka "Rapper's Delight" ta 1979, wadda ta fara fito da rap kasuwar duniya. Kowa na jin kiɗan "Good Times" na ƙungiyar Chic a ƙarƙashinta, amma makaɗa aka kawo suka sake buga shi. Bambancin ba na iyayi ba ne, domin shi ke nuna wa za a biya da kuma nawa.

Asalin abin daga faifan garmaho yake. A unguwar Bronx ta birnin New York, a 1973, wani matashi ɗan asalin Jamaika, DJ Kool Herc, ya lura cewa masu rawa sun fi zaucewa a daidai inda mawaƙi ya yi shiru aka bar mai ganga shi kaɗai. Matsalar ita ce wurin bai wuce 'yan sakanni ba. Sai ya samo faifai biyu iri ɗaya da na'urar juya faifai biyu, wannan na ƙarewa ya saki wancan, ya mayar da allurar na farko baya. Sakan goma ya koma minti biyar. Da na'urori na ɗaukar samfur irin su SP-1200 a 1987 da MPC60 na kamfanin Akai a 1988 suka shigo, aikin ya bar hannu ya koma cikin inji. SP-1200 sakan goma kacal take iya riƙewa, shi ya sa furodusoshi suka koyi dabara: su juya faifai da sauri fiye da ƙa'ida lokacin ɗauka, su rage saurin a cikin na'ura. Wannan dishi-dishin da ake ji a rap na wancan zamani, rabinsa daga talaucin na'ura ya fito.

To, a nan ne mai tara faifai yake samun abin yi. Mutum na iya jera faifansa bisa haruffa ko bisa shekaru, ya ga kowanne zaman kansa yake. Ranar da ya fara bin samfur, kantar ta zama dangi. Ɗauki ƙaramin faifan nan na ƙungiyar The Winstons na 1969. Waƙar gaba ita ce aka yi dominta, har ta ci kyautar Grammy. A ɗaya gefen akwai wani kiɗa da aka cike gurbi da shi, "Amen, Brother", kuma a tsakiyarsa mai ganga Gregory Coleman ya yi wajen sakan bakwai shi kaɗai. Sakan bakwai ɗin nan ne a ƙarƙashin "Straight Outta Compton" ta ƙungiyar rap ta N.W.A a 1988. Su ne kuma matasan Ingila suka ƙara wa gudu a farkon shekarun 1990, har aka sami salon kiɗan da ake kira jungle. Waƙoƙin da suka ɗauke su sun kai dubbai. Faifan rap na Kalifoniya da faifan rawa na Landan, waɗanda ba wanda zai ajiye kusa da juna, ashe hannun mutum ɗaya ne ke buga musu ganga.

Coleman bai ci ko kwabo daga wannan ba. Ya rasu a 2006 a Atlanta ba shi da matsuguni. Sai a 2015 wasu masoya kiɗa a Ingila suka yi karo-karo ta intanet, suka tara fam 24,000 suka ba Richard Spencer, jagoran ƙungiyar. A ganina wannan shi ne babban aibin harkar, kuma doka ce ta gina shi. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya tsara ta, da na wanda ya mallaki naɗin, galibi kamfani. Mai ganga ladan yini aka biya shi, ya sa hannu ya tafi. Clyde Stubblefield, wanda ya buga gangar "Funky Drummer" ta James Brown da ta fito a 1970, haka ya ƙare: kowa na cin gangarsa, sunansa ba ya cikin marubuta.

Akwai wata silsilar da ta fi kusa da gida, ta kuma nuna samfur da sake bugawa a zare ɗaya. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, Manu Dibango, ɗan Duwala, ya yi waƙar gasar. A bayan faifan ya sa "Soul Makossa". Wani DJ a New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani shago a Brooklyn, ya dinga sa shi a wurin rawarsa, rediyo ta ɗauka, kamfanin Atlantic ya sayi izinin bugawa, a 1973 waƙar ta shiga jerin arba'in na farko a Amurka. Shekara goma bayan fitowarta, Michael Jackson ya rufe waƙar farko ta albam ɗin Thriller da amshin nan na "mama-se mama-sa". Shi sake rerawa ya yi, kuma bai nemi izini ba, sai daga baya aka sasanta a wajen kotu. A 2007 Rihanna ta yanko muryar Jackson ɗin kanta ta sa a "Don't Stop the Music", wannan kam samfur ne sak. Izinin Jackson aka nema, aka tsallake Dibango, shi kuwa ya kai ƙara a Paris a 2009, kotu ba ta ba shi gaskiya ba. Faifai uku ke nan, daga ƙasashe da zamunna daban-daban, amshi ɗaya.

Masu neman irin waɗannan faifai, Turawa na kiran aikinsu crate digging, wato tonon akwatunan tsofaffin faifai a shagunan gwanjo. Kallon gwani a cikinsu abin sha'awa ne. Ba ya fara da hoton gaba. Bayan kwali yake juyawa, ya duba shekara, ya duba kamfani, ya bi ƙananan rubutun nan har ya ga wa ya buga ganga, wa ya naɗa. Sannan ya zaro faifan ya karkata shi ga haske, domin inda kiɗa ya lafa layukan sukan fi duhu da matsewa, can yake zaton an bar ganga ita kaɗai. A da har ɓoyo ake yi: su Herc kan jiƙa faifai a ruwa su ɓare takardar tsakiya don kada abokin hamayya ya leƙo ya ga suna. Yau shafin WhoSampled ya tona asirin yawancinsu, kodayake jama'a ne ke cika shi, don haka kunne ne alƙalin ƙarshe.

Shekarar da ya kamata mai tara faifai ya riƙe ita ce 1991. A shekarar ne mawaƙi Gilbert O'Sullivan ya maka mawaƙin rap Biz Markie a kotu a New York kan ɗaukar samfur daga waƙarsa "Alone Again (Naturally)" ba izini. Alƙali ya buɗe hukuncinsa da umarnin nan na Attaura, kada ka yi sata, aka janye albam ɗin Biz Markie daga kasuwa. Da Biz Markie ya dawo a 1993, sai ya raɗa wa sabon albam ɗinsa All Samples Cleared!, wato an biya kowa. Tun daga nan manyan kamfanoni suka tilasta neman izini, kuɗin samfur ya yi tsada, albam irin Paul's Boutique na Beastie Boys na 1989, wanda aka ɗinka da samfura sama da ɗari, ya zama abin da ba mai iya biya. Amma mai bincike ya sami sauƙi: albam ɗin bayan 1991 galibi yana rubuta sunan waƙar da aka ɗauko da marubutanta da kamfaninta a cikin kwali. Na kafin nan yawanci ba su rubuta komai, sai ka ɗora allura a kan wanda kake zargi, ka ɗora a kan tsohon, ka saurari ko bugun ƙaramar ganga ɗaya ne.