Ma'anar Halla: Burodin Asabar na Yahudawa

Halla, wanda a Turanci ake rubutawa challah, burodi ne mai laushi da ɗan zaƙi da Yahudawa ke ci ranar Asabar da ranakun idi. Yawanci kitsa shi ake yi, a shafe shi da ƙwai, ya fito daga gashi yana ƙyalli. Wannan kitsattsen salon na Yahudawan Turai ne, waɗanda ake kira Ashkenazi, kuma tun ƙarni na 15 ake kiran burodin da wannan suna a yankin Ostiriya da Jamus. Yahudawan Yaman da Iraƙi sun daɗe suna amfani da gurasa shimfiɗaɗɗiya a wannan matsayi.

Asalin sunan na wani ɗan yanki ne da ake gutsira daga kwaɓin. A Attaura, Littafin Ƙidaya sura ta 15, an umarci Bani Isra'ila su ware kaso daga kwaɓinsu, ana ba wa masu hidimar ibada, zuriyar Annabi Haruna. Tun da Rumawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 miladiyya, sai a gutsiri kamar girman ɗan zaitun a ƙone shi, ba mai ci. Wannan hukunci ba ya hawa kan ƙaramin kwaɓi. Sai fulawa ta kai kusan kilo 1.2 ake cirewa, kuma ba a yin addu'ar cirewar sai ta fi haka: wasu malamansu sun ce kusan kilo 1.7, wasu 2.25. Shi ya sa mata da yawa ke kwaɓa da yawa a lokaci ɗaya, don su samu yin addu'ar.

Guda biyu ake ajiyewa a tebur, a rufe da ƙyalle. Tunawa ce da manna, abincin da aka saukar wa Bani Isra'ila a hamada, wanda ranar Juma'a suke tattara ninki biyu saboda ba ya sauka ranar Asabar. Bayan addu'a a kan ruwan inabi da wanke hannu, sai a sa albarka a kan burodin, a yanka ko a gutsira, a dangwala gishiri.

Wanda bai san dokar abincinsu ba zai yi mamakin rashin madara da bota a burodi mai laushi haka. Dalili shi ne ba sa haɗa nama da abin da aka yi da nono a ci ɗaya, kuma abincin daren da Asabar ke shiga, bayan faɗuwar ranar Juma'a, da nama ake yinsa, galibi kaza. Saboda haka mai da ƙwai ne ke ɗaukar aikin laushin. Su ne kuma ke hana shi bushewa, tunda ba a kunna wuta daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar, dole a gama gashi da wuri.

Ga ma'aunin da ke ba da madaidaita biyu: fulawar burodi giram 500, busasshen yis giram 7, sukari ko zuma giram 60, gishiri giram 9, man girki mililita 60, ƙwai 2, ruwa mai ɗumi mililita 180, sai ƙwai ɗaya na shafawa. A tankaɗe fulawar, don ƙwaro haramun ne a abincinsu. Ƙwan kuma ɗaya-ɗaya ake fasawa a kofin gilashi, wanda aka ga ɗigon jini a ciki a zubar. A haɗa komai a murza minti 10, har kwaɓin ya yi santsi, in an ja shi ya miƙe bai tsinke ba. A rufe ya tashi ya ninka, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A raba biyu, kowanne a raba uku, a mulmula su kamar igiya mai kauri a tsakiya, a kitsa, a matse bakin a cusa ƙasa. A bar shi ya sake tashi minti 45, a shafa ƙwai, a barbaɗa riɗi, a gasa a zafin digiri 180 na minti 25 zuwa 30.

Tashi na biyun nan shi ne inda aka fi yin asara. In aka yi gaggawar sa shi a wuta, sai ya kumbura da ƙarfi a ciki, kitson ya yage, farin tsakiyar burodin ya fito tsakanin igiyoyin. Haka ma in an ɗaure kitson tamau. Gwajin mai sauƙi ne: a danna da yatsa, in ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba, ya isa. In kuwa aka bar shi ya wuce lokaci, sai ya baje, kitson ya ɓace. Kwaɓi mai ɗan danƙo yana sa mutum ya yi ta ƙara fulawa, ƙarshe a samu burodi mai nauyi da bushewa. Gara a shafa mai a hannu. Sukari da ƙwai kuma suna sa baya ya yi duhu ciki bai nuna ba, sai a rufe da takardar alminiyum bayan minti 20. Wanda ya gasu, in an ƙwanƙwasa ƙasansa, sai ya yi ƙara kamar ba komai ciki.

A Rosh Hashana, sabuwar shekararsu da ke zuwa a Satumba ko farkon Oktoba, zagaye ake yinsa, sau da yawa da zabibi, a dangwala a zuma don fatan shekara mai daɗi. A Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar, ba a yinsa sam, domin duk abin da ya tashi na alkama ko sha'ir fitar da shi ake yi daga gida, a koma cin matza, burodi marar yis.