Wai mene ne antibodin PDI da masu bincike a lab ke yawan ambata?

Da yawa in sun ji antibodi sai hankalinsu ya tafi kan rigakafi da garkuwar jiki, to a lab ba aikinsa kenan ba, can ɗan nuni ne, ka sake shi ya je ya manne wa furotin ɗaya tak ya nuna ma inda yake. Antibodin PDI kuwa shi ne wanda aka yi don ya kamo wani enzayim (furotin mai hanzarta wani aiki a jiki) mai suna PDI, wato protein disulfide isomerase.

Shi PDI aikinsa taya furotin naɗewa. Furotin in ya fito sabo dogon zare ne kawai, sai ya nannaɗe ya ɗau siffa kafin ya yi wani amfani, kuma akwai ƙulli da ake yi tsakanin sulfa biyu don siffar ta zauna. PDI ne ke ɗaura ƙullin, in aka ɗaura a karkace ya kwance ya sake. Duba ribonukiliyes, wani furotin da masanin kimiyya Christian Anfinsen ya yi ta fama da shi a Amurka, gurbin sulfa 8 gare shi, ƙulli 4, amma hanyoyin haɗa su har 105, kuma ɗaya ce kawai daidai! A 1963 shi da abokan aikinsa suka gano PDI ɗin a hanta, 1972 ya ci Nobel.

Antibodin kuma daga jikin zomo ko ɓera ake samo shi, a yi musu allurar PDI ko guntunsa, jikinsu ya ga baƙo ya ƙera abin kama shi.

In aka tace furotin bisa nauyi sai antibodin ya fito da layi wajen kilodalton 57 (ma'aunin nauyin furotin kenan). In ƙwayar halitta aka zuba wa, tare da wani antibodi na biyu mai walƙiya, za ka ga kamar raga ta haske kewaye da cibiyar ƙwayar, wato ER (endoplasmic reticulum) kenan, sashen ƙwayar inda PDI ke zaune, shi ya sa ma wasu ba ruwansu da PDI ɗin, ER suke son gani.

Sai dai fa PDI na da 'yan uwa wajen 20, irin su ERp57 da nauyinsu ya yi kusa sosai, antibodi mara kyau sai ya kamo ɗan uwa kai kana ta murna. Ni dai ban yarda da layi ba sai an gwada a ƙwayar da aka cire wa P4HB, ƙwayar gadon (gene) da ke yin PDI, in layin bai ɓace ba to wani abu daban ya kama.