Waiwaye: Tsofaffin fina-finan soyayya masu sa kuka a idon 'yan kallon yau

A watan Agustan 2024 aka sake saka Laila Majnu a gidajen sinima na Indiya. Fim ne da ya fito a 2018 ya faɗi warwas a kasuwa, amma a wannan karon kuɗin da ya tara sun zarce na fitowarsa ta farko. A Fabrairun 2025 Sanam Teri Kasam na 2016 ya yi irin wannan farfaɗowa. Tsakanin waɗannan biyu an dawo da Veer-Zaara da Kal Ho Naa Ho, kuma cikin waɗanda suka yanki tikiti har da matasan da suna goye lokacin da fina-finan suka fara fita. To amma su dai waɗannan matasan ne ke yanko guntayen wasu tsofaffin fina-finai suna ɗorawa a shafukan sada zumunta, suna tuntsira dariya a daidai gurin da iyayensu suka sha kuka. Wanda ya ce zuciyar 'yan zamani ta bushe bai duba da kyau ba. Abin da ke tsufa a irin wannan fim shi ne katangar da aka gina tsakanin masoyan. Matuƙar mai kallo ya yarda katangar ba ta tsallakuwa, zai zubar da hawaye ko da fim ɗin ya shekara 70. Da zarar ya hango ƙofa a jikinta, sai ya koma lissafin abin da ya kamata jarumi ya yi, daga nan kuma hawayen sun tafi.

Katangar da Turawa suka fi dogara da ita tun farko ita ce cuta. A 1848 Alexandre Dumas ƙarami ya fitar da La Dame aux camélias a Faransa, labarin matar da uban saurayinta ya roƙa ta rabu da ɗansa don kare sunan gidansu, ta rabu da shi ba tare da ta gaya masa dalili ba, tarin fuka ya kashe ta. Shi aka mayar fim ɗin Camille a 1936 da Greta Garbo. Tarin fuka ya yi wa masu shirya fim daidai ta kowace fuska: yana kashewa a hankali, ba ya ɓata fuskar jaruma, kuma tari ɗaya da ɗigon jini a hankici ya isa ya sanar da mai kallo inda aka dosa. Da aka samo maganin streptomycin a shekarun 1940 cutar ta zama mai warkuwa, sai marubuta suka koma kan sankarar jini da ciwon zuciya. Love Story na 1970 shi ne ya fi shahara a wannan layi, kuma a yau gurare biyu ne ke kayar da shi. Na farko, likita ya kira mijin ya gaya masa matarsa ba za ta tashi ba, ita mai ciwon aka bar ta a duhu. Na biyu, ta mutu da gashinta cif da kumatunta. Mai kallon da ya taɓa jinyar mai sankara ya san zubewar gashi da rama da amai, don haka wannan gadon asibiti ba ya kama hankalinsa. Gurin farkon kuwa bai cika damun mai kallo a ƙasar Hausa ba, domin har gobe akwai dangin da ke ɓoye wa mara lafiya sakamakon gwaji da niyyar kada a karya masa zuciya.

Indiyawa sun gina tasu katangar da iyaye da asali da dukiya. Sarat Chandra Chattopadhyay ya buga Devdas a 1917, aka yi ta mayar da shi fim: na P.C. Barua a 1935, na Bimal Roy da Dilip Kumar a 1955, na Sanjay Leela Bhansali da Shah Rukh Khan a 2002. A Mughal-e-Azam na 1960 sarauta ce ta shiga tsakanin Yarima Salim da Anarkali mai rawa a fada. A Ek Duuje Ke Liye na 1981 bambancin harshe da yanki ne, saurayi Batamile, budurwa 'yar arewacin Indiya. Irin wannan ne ya samu gindin zama a wurinmu. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, daga shekarun 1950 kuma Kwarori masu gidajen sinima suka fara shigo da fina-finan Indiya. Ba fassara, ba rubutu a ƙasa da yawancin mutane za su karanta, amma kowa na gane uban da ya ce ƙwarya ta bi ƙwarya da 'yar da ta sunkuyar da kai tana share hawaye da gefen mayafi. Gidajen sinimar nan filin Allah ne ba rufi, sai dare ake saka fim, kuma galibi maza ne ke zuwa. Talabijin da kaset ɗin bidiyo ne suka kai fina-finan cikin gida wajen mata, su kuma suka zama manyan masu riƙe da su. Daga nan aka samu littattafan soyayya na kasuwar Kano, irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino mai labarin 'yar masu kuɗi da ɗan talaka, sannan finafinan Hausa irin Sangaya na 1999, yarima da 'yar aikin gidan sarauta.

Fim mai sa kuka yana da sassa kamar inji, kuma babban sashinsa shi ne a bar mai kallo ya san abin da ɗaya daga cikin masoyan bai sani ba, sannan a ja lokaci har sanin ya zo bayan bakin alƙalami ya bushe. Brief Encounter na David Lean, na 1945, ya nuna wannan a fili. An buɗe fim ɗin a ɗakin shan shayi na tashar jirgin ƙasa: namiji da mace zaune a tebur, sai wata mata mai surutu ta faɗo musu ta ja kujera, jirgin namijin ya iso, ya miƙe ya ɗan dafa kafaɗar macen ya fita. A kallon farko ba komai a ciki. Sai a ƙarshen fim aka dawo da wannan zama, yanzu mai kallo ya san su biyun masoya ne amma kowannensu yana da aure da wani, sun yanke shawarar rabuwa, shi zai tafi Afirka ta Kudu, waɗannan mintocin ne na ƙarshe da suke da su, ga mai surutu ta cinye su. Dafa kafaɗar nan ita ce dukkan bankwanan. Fim ɗin bai kai awa ɗaya da rabi ba, ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi kururuwa, kuma shekara 80 ke nan yana aiki. Bahaushe zai kira abin da ya gani kawaici, kuma ya san nauyinsa.

Kal Ho Naa Ho na 2003 ya yi amfani da wannan dabara a gurin da Aman, mai ciwon zuciya da ya ɓoye wa Naina da yake so, ya fizge littafin abokinsa Rohit ya yi kamar yana karanta abin da Rohit ya rubuta mata. Shafukan fari fat suke. Naina na jin kalaman Rohit, mai kallo na jin na Aman. Wannan gurin har yanzu yana tsuma zuciya. Sai dai gaba ɗayan tsarin da ya haife shi yana shan tambaya a yau: da wane iko Aman ya yi mata ƙaryar yana da aure, ya zaɓa mata miji, ya hana ta zaɓin zama da shi ko na wata shida ne? A 2003 sadaukarwa aka gani. Matan da ke kallo yanzu da yawa suna ganin an yanke mata hukunci ba a tambaye ta ba, kuma suna da gaskiya.

Wayar hannu ta rushe wani rukuni guda. A An Affair to Remember na 1957 masoyan sun yi alkawarin haɗuwa bayan wata shida a saman benen Empire State a New York. Mota ta buge matar a kan hanya, shi kuma ya yi ta jira har tsakar dare, ya tafi da zaton ta yaudare shi. Saƙo ɗaya na waya ya kashe wannan labari. Haka wasiƙar da uwa ta ɓoye, da jirgin da ya tashi kafin a iso, da adireshin da ya ɓace. Wanda ya tashi da waya a hannu yana iya fahimtar cewa a da babu ita, amma fahimta da kai daban, ji a ƙirji daban. Ko Titanic na 1997, da kyaututtukan Oscar 11, bai tsira daga masu lissafi ba. An shekara sama da 20 ana gardamar ko katakon da Rose ta kwanta a kai zai ɗauki Jack, har sai da James Cameron ya shirya gwaji da mutum biyu a ruwan sanyi, aka nuna shi a 2023. Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne sauran katangar tasa ta gaske ce: an raba fasinja aji-aji, jirgin ya nutse a 1912, mutane kusan 1,500 sun halaka.

Abin da ya fi lalacewa shi ne naci da aka riƙa sayarwa da sunan so. A Tere Naam na 2003 jarumin ya sace yarinyar ya ɗaure ta kafin ta so shi. A The Notebook na 2004 Noah ya maƙale a ƙarfen lilon wasa mai tsawo yana barazanar sakin hannu sai Allie ta amsa za ta fita da shi. Devdas kansa ya fasa wa masoyiyarsa Paro goshi gab da aurenta da wani, ya bar mata tabo. An daɗe ana kallon waɗannan a matsayin zafin ƙauna. Yanzu ana kiransu da sunansu, tursasawa da duka, kuma da mai kallo ya ji tsoron jarumi a madadin jaruma, ba zai yi masa kuka a ƙarshe ba. Karan Johar da bakinsa ya amsa cewa akwai kuskure a yadda Kuch Kuch Hota Hai na 1998 ya nuna Anjali, wadda Rahul bai ga kyanta ba sai da ta bar wasan ƙwallo ta ɗaura sari. Anurag Kashyap kuma ya sake Devdas a 2009 da sunan Dev.D, ya nuna shi a matsayin ɗan gata mai son kansa. Duk da haka ƙarshen Devdas bai mutu ba, tausayin ne ya sauya gida. Devdas yana kwance a ƙofar gidan mijin Paro rai a hannun Allah, ta ji sunansa ta zabura da gudu ta ratsa tsakar gida, aka ba da umarnin rufe ƙofa, ƙyauren ya haɗe kafin ta kai. Mai kallon yau Paro yake yi wa kuka, macen da aka aurar ga dattijo aka kuma kulle.

Wannan ne ya sa fina-finan da katangarsu iyaye ce ko talauci ko iyakar ƙasa suka fi daɗewa, musamman a inda waɗannan abubuwa ke nan da ransu. A Veer-Zaara, Veer ɗan Indiya ya yi shekara 22 a kurkukun Pakistan bai buɗe baki ba don kada ya zubar da mutuncin Zaara, kuma babu wayar da za ta warware rikicin Indiya da Pakistan. A Kano ko Damagaram ba sai an yi wa kowa bayanin auren dole ba, ko yadda ake korar saurayi don ba shi da aikin yi.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta cikin labari, tana cikin yadda ake kallo. An gina fina-finan Indiya ne don zama ɗaya na kimanin awa 3, a duhu, cikin jama'a. Rabin farko raha ne da waƙa don mai kallo ya saba da masoyan, sai a juya akalar wajen hutun tsakiya. Waƙar da aka ji cikin farin ciki a farko ita ake dawo da ita a hankali da goge ko sarewa a ƙarshe, kuma wannan dawowar ce ke tsinka hawaye. Wanda ya tsallake waƙoƙi a waya ya cire wannan sashi da hannunsa. Fim ɗin da aka matse don ya shiga ƙaramin memori yana rasa gurare masu duhu, fuska ta dagule, ƙwallar da ta taru a ido ba ta fita. Lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, sai kiɗan ya zama siriri, don haka ko abin saƙalawa a kunne kawai aka sa ana jin bambanci. Fassarar Hausa ta buɗe wa mutane ma'anar maganganun da a da ake cinka, wannan ci gaba ne babba. Matsalarta ta aiki ce: mai fassara yawanci ba shi da faifan da aka ware kiɗa daban da murya, dole ya danne sautin asali gaba ɗaya duk lokacin da zai yi magana, kiɗan ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. In kuma ya cike shiru da barkwanci, ya taɓa ainihin gurin da darakta ya bari don mai kallo ya haɗiye abin da ya tokare masa wuya.

Masu shirya fim na yanzu sun gane inda ɓarakar take, sai suka nemi katangar da waya ba ta tsallakewa. Wasu suna mayar da labarin zamanin da, wasu kuma sun koma kan cutar mantuwa, inda masoyiya na zaune kusa da kai, lambarka na cikin wayarta, amma ba ta san ko kai wane ne ba. A kan wannan Mohit Suri ya gina Saiyaara, wanda ya fito a Yulin 2025 da sababbin jarumai biyu, Ahaan Panday da Aneet Padda, ya shiga cikin fina-finan Hindi da suka fi ciniki a shekarar. Bidiyoyin da suka fi yawo a kansa na 'yan kallo ne masu shekara 20 da ɗoriya, an kunna fitilun sinima suna zaune a kujerunsu suna sharɓar kuka.