Kun Tarar da Kayan Soja a Akwatin Gado? Ga Amsoshin Tambayoyinku

Na ga lambobin yabon soja sun yi baƙi, in wanke su kafin in nuna wa mai saye?

A'a. Kada ka sa toka, kada ka sa lemun tsami ko tsamiya, balle man goge ƙarfe irin Brasso. Baƙin nan shi ne shaidar tsufa, kuma shi mai saye yake fara dubawa. Guga tana cinye rubutun gefen lamba, in rubutun ya tafi kuɗin ya bi shi. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Ƙyallen da aka rataye lambar ma, ko ya koɗe, a bar shi.

Akwai harsasai da wani abu kamar gurneti a ƙasan akwatin.

Wannan ba kayan sayarwa ba ne. Kada ka ɗaga, kada ka jijjiga, a fitar da yara daga ɗakin, a sanar da 'yan sanda su turo masu kwance bam. Tsufa ba ya kashe gurneti, ƙara masa haɗari yake yi. Bindiga kuma, dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe ta ba lasisi, lasisin mamaci kuwa ba a gādonsa.

Lambobin nan zinariya ne?

Ba zinariya ba ne. Masu siffar tauraro tagulla ce, zagayayyun yaƙin duniya na biyu kuwa farin ƙarfe. Azurfa galibi sai a tsofaffi, irin ta yaƙin 1914 zuwa 1918 mai hoton Sarki Joji na biyar da mahayin doki a baya. Duk da haka kada ka kai wa maƙeri ya auna. Kuɗin azurfar bai kai na tarihin ba.

Ta yaya zan san yaƙin da kakanmu ya je?

Ƙyallen ne zai faɗa maka. Tauraro mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da layin ruwan lemo, na yaƙin Bama ne. Mai launin rairayi da jan tsakiya na Afirka ne, wanda waɗanda suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941 suka samu. Dubi bajon kafaɗa kuma: baƙin gizo-gizo a kan rawaya na runduna ta 81 ne, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan na ƙasar Bama, māsu biyu a gicciye cikin gammo na runduna ta 82 ne. Tambarin hula mai bishiyar kwakwa na RWAFF ne gaba ɗaya, wato rundunar sojan mulkin mallakar Ingila ta Afirka ta Yamma. Lambar soja da ta fara da NA ta sojan Najeriya ce, GC ta Gana kafin 'yancin kai.

Ni ne babban ɗa, ai zan iya sayarwa ko?

Haba Malam. Wannan tambayar ta fi kowace dawowa, amsarta kuma ba ta canzawa. Kayan mamaci gādo ne, har da lambar yabo da takobi, mata da marayu duk suna da haƙƙi a ciki. A biya bashi, a zartar da wasiyya, sannan a yi wa kayan kuɗi a gaban magada, mutum ɗaya ya ɗauke su a rabonsa ko a sayar a raba kuɗin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kowa ya ɗauki lamba ɗaya don tunawa. Lambobi huɗu na mutum ɗaya tare da takardunsa sun fi huɗun nan a warwatse daraja nesa ba kusa ba.

To nawa za su yi, kuma wa zan sayar wa?

Nan sai an yi haƙuri, don ya danganta da abubuwa da yawa. Na farko, akwai suna ko babu? Lambobin yaƙin duniya na biyu Ingila ta buga su da yawan gaske, kuma galibi ta raba su ba suna, don haka su kaɗai kuɗinsu kaɗan ne, kada ka sa rai da kuɗin fili. Abin da ke ɗaga su shi ne littafin sallama, hoto da kaki, takardar fansho ko wasiƙa, duk abin da zai ɗaure lambar da mutum. In takardar ta nuna yana bataliya ta 6, ta 7 ko ta 12 ta sojan Najeriya, waɗanda suka shiga dajin Bama da rundunar Cindit a 1944, masu tara kayan sukan ƙara sha'awa, ko da yake ba kullum hakan ke zama ƙarin kuɗi mai yawa ba.

Lambobin yaƙin farko da waɗanda suka girme su suna ɗauke da lambar soja, muƙami, suna da runduna a gefe ko a baya. Akwai ta azurfa mai ɗan ƙarfe a jikin ƙyalle da aka rubuta "N. Nigeria 1903", ta cin Kano da Sakkwato har zuwa Burmi, da ta 1906, ta Satiru da Haɗeja. Wasu iyalai ba sa son ganinta, na kuma fahimci dalili, amma tarihinmu ce, ba a jefar da ita. Lambar jarunta irin DCM ko MM mai sunan Bahaushe, wannan kam sai a tsaya a yi bincike sosai, don ta fi duk sauran. Gidan adana takardu na Ingila da ke Kew yana da kundin WO 100 na rabon lambobi da WO 373 na dalilan ba da lambar jarunta, ana iya nema ta intanet.

Farashi kuwa, duba abin da aka riga aka sayar a gidajen gwanjo na Landan irin Noonans da Spink, ba abin da wani ya rubuta yana nema ba. Ka cire la'ada, kuɗin aikawa da inshora, sauran shi ne naka, wani lokaci ma ba ya biyan wahalar. Ɗauki hoton gaba da baya da gefe, ka nemi tayi daga mutum uku a ƙalla. Wanda ya ce lallai yau-yau, ko ya ce a ba shi ya je ya nuna wa wani, sallame shi.

Takobi da sulke fa, zan iya aikawa waje?

Ba kai tsaye ba. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta ɗauki aikin hannu da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi: sayar da shi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, fitar da shi sai da izininta. Ka je da hotuna Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi mafi kusa. Kwantar da hankalinka, tambaya ba laifi ba ce. Kada ka wasa takobin, kada ka sake masa kube ko ƙota. Ɗan man keken ɗinki a ruwan takobin ya wadatar, amma kada ya taɓa fata.

Takardun suna yagewa, in kai a manne su cikin roba?

Kada ka kuskura, zafin injin da gam ɗin suna lalata takarda kuma ba a iya cirewa. Ka ɗauki hotonsu, ka shimfiɗa kowace tsakanin farar takarda biyu, ka cire ƙusa ko fil mai tsatsa, ka ɗora akwatin a kan katako nesa da bango saboda gara da danshin damina.