Ɗaukar kayan fentin ƙananan mutum-mutumi a tafiya da adana su

Fentin ƙananan mutum-mutumi aiki ne na shafa launi a jikin 'yan siffofin sojoji, dawakai, motocin yaƙi ko halittun tatsuniya da aka zuba da ƙarfe ko roba. Waɗanda aka fi yin wasan dabarun yaƙi da su a kan tebur tsayinsu yakan kama daga milimita 28 zuwa 32, kayan aikinsu kuwa ba su wuce fenti, burushi, farantin haɗa launi, gam da 'yar wuƙar gyara ba. Duka suna shiga jakar hannu guda, saboda haka nauyi ba ya cikin abin da ke damun mai tafiya da su. Abubuwan da ke ɓata su uku ne: iska da ke busar da fenti, zafi ko sanyin da ke lalata shi, da girgizar hanya da ke karya tsinin burushi ta kuma goge launin da aka riga aka shafa.

Tarihin mazubin fenti

Wasu daga cikin dabarun da masu wannan aiki ke amfani da su a yau sun samo asali ne daga masu zanen hoto na Turai. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 mai zane yakan niƙa launinsa da kansa, ko ya sayi wanda aka niƙa daga mai sayar da launi, kuma hakan ya sa fita da aiki waje yake da wuya. Wajen shekarar 1780 William Reeves, wanda ke sana'ar launi a Landan, ya fito da busassun dunƙule-dunƙule na fentin ruwa, waɗanda ake gogawa a cikin 'yar tasa da ruwa kafin a ɗiba. An karrama wannan ƙirƙira a 1781, kuma daga nan ne akwatunan katako masu ɗauke da jerin launuka suka yaɗu a tsakanin matafiya da masu zanen taswira.

Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832, ya ƙara wa fentin ruwa sinadarin gilisarin a wajen 1835, har ya zama ba ya bushewa ƙarau, ana iya ɗibarsa kai tsaye da jiƙaƙƙen burushi. Fentin mai kuwa ya daɗe ana ɗaure shi a cikin mafitsarar alade. Mai zane yakan huda ta, ya matso abin da yake bukata, sannan ya toshe ramin da 'yar ƙusa, amma iska kan shiga, wani lokacin kuma jakar ta fashe a cikin kaya. An gwada sirinjin gilashi a wajen 1840, sai dai yana da tsada kuma yana da saurin fashewa.

A 1841 John Goffe Rand, Ba'amurke mai zanen hotunan mutane da ke zaune a Landan, ya yi rajistar bututun kuza da ake matsawa. Hikimar bututun ita ce yana lotsewa gwargwadon abin da aka matso, saboda haka ba ya barin wurin da iska za ta zauna a kan sauran fentin. Cikin dukkan mazuban da aka ƙirƙiro daga baya, da wuya a sami wanda ya fi shi a wannan fanni. Murfin da ake murɗawa ya biyo baya, kodayake ana saɓani a kan wanda ya fara shi. Da bututu ya samu, sai ƙaramin akwatin zanen waje da Faransawa ke kira pochade ya sami karɓuwa, wanda murfinsa ke riƙe allon zane, cikinsa kuma ke ɗaukar launi da burushi. Akwatunan tafiya na yau da murfinsu ke zama wurin aiki sun gaji wannan tsari ne.

Su kansu ƙananan sojojin sun daɗe ana fentinsu a masana'anta. An san garin Nurembag na Jamus da sojojin kuza masu faɗi tun ƙarni na 18, a 1893 kuma kamfanin William Britain a Ingila ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki. Fentin gida ya bunƙasa bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da kamfanin Humbrol ya riƙa sayar da fentin mai a 'yan gwangwanaye masu mililita 14. Gwangwanin yana da ƙarfi, amma fentin na bukatar sinadarin tsinkawa mai wari mai kuma kama wuta. Fentin akirilik da ake tsinkawa da ruwa ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma mamaye wannan fanni bayan fitowar wasannin Dungeons & Dragons a 1974 da Warhammer a 1983, waɗanda ake amfani da irin waɗannan mutum-mutumi a cikinsu. Wannan sauyi ne ya sauƙaƙa tafiya da kayan, domin duk inda aka sauka ana samun ruwa.

Fenti

Mazubai iri biyu ne suka fi yawa a yanzu: 'yar tukunya mai murfin ɗagawa, kamar ta fenti mai tambarin Citadel mai mililita 12, da kwalbar ɗigo, kamar ta kamfanin Vallejo mai mililita 17 ko 18. Kwalbar ɗigo ta fi hana iska shiga, amma bakinta kan toshe, kuma idan aka matsa ta da ƙarfi kan nata na iya tashi gaba ɗaya. Tukunya kuwa busasshen fenti kan taru a gefen murfinta har ya hana ta rufuwa da kyau, don haka ake kankare shi kafin a kama hanya. Masu aikin sun rabu a kan wadda ta fi, kamar yadda suka rabu a kan ajiye kwalba a tsaye ko a kife.

Akirilik ƙananan ƙwayoyin roba ne da ke warwatse a cikin ruwa. Idan ya daskare sai ƙwayoyin su dunƙule, kuma sau da yawa ba ya komawa daidai ko da an girgiza shi. Zafin motar da aka rufe a rana ma kan sa ya yi kauri. Launin yakan kwanta a ƙasan kwalba idan ta daɗe a ajiye, shi ya sa ake jefa 'yar ƙwallon gilashi ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa a ciki don ta taimaka wajen girgizawa. Mai tafiya bai cika ɗaukar launuka da yawa ba: ja, shuɗi, rawaya, fari, baƙi da ruwan ƙasa sukan isa a haɗa mafi yawan abin da ake bukata.

Burushi

Burushi ne ya fi komai tsada da kuma rauni. Mafi daraja shi ne wanda ake kira kolinski, da ake yi da gashin jelar wata ƙaramar dabba ta Siberiya, kuma amfaninsa duka yana ga tsininsa. Ana wanke shi da sabulu, a gyara tsinin da yatsa, a bari ya bushe sarai, sannan a mayar masa da 'yar hular robar da yake zuwa da ita, ana lura kada gashi ko ɗaya ya lanƙwashe baya. Idan aka rufe shi da danshi, ruwa kan shiga ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe gashin ya kumbura itacen, asu kuma na cin gashin da aka daɗe da ajiyewa.

Farantin danshi

Wannan akwati ne marar zurfi mai jiƙaƙƙen soso da takarda a samansa, wanda ke hana akirilik bushewa na sa'o'i. Ba ya son a karkata shi, kuma yana yin fumfuna idan ya daɗe a rufe, don haka akan matse soson kafin tafiya.

Ɗaukar mutum-mutumin

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce tiren soso mai ramuka, kowane mutum-mutumi da raminsa, sai dai gogar soso na cinye launi a kan gaɓoɓin da suka fito, musamman idan ba a shafa banish ba, wato shafin da ke kare fenti. Ta biyu ita ce a manna ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashin gindin kowanne, a tsayar da su a kan farantin ƙarfe, ta yadda babu abin da ke taɓa jikinsu. Wannan ta fi dacewa da na roba marasa nauyi, domin na ƙarfe kan kuɓuce idan akwatin ya faɗi. Ba a rufe wanda aka manna da gam mai saurin kamawa nan take, saboda tururinsa kan bar farin dishi-dishi a jikin fenti.

Tafiya a jirgin sama

Tun 2006 yawancin filayen jiragen sama suka taƙaita ruwan da ake shiga da shi a jakar hannu zuwa mililita 100 a kowane mazubi, duka a cikin leda mai nuna abin da ke ciki wadda ba ta wuce lita ɗaya ba, kodayake wasu filayen sun sassauta. Kwalaben akirilik ba su kai wannan iyaka ba. Fentin feshi da sinadaran tsinkawa masu kama wuta ba a yarda da su ko a babbar jakar da ake miƙa wa ma'aikatan jirgi, wuƙar gyara kuwa a babbar jaka ake sa ta. Raguwar matsin iska a sama na sa iskar da ke cikin kwalba ta kumbura ta turo fenti waje, shi ya sa ake ɗaure murfi sosai, a jera kwalaben a tsaye a cikin leda mai rufewa.