Na danna maɓalli, injin bai motsa ba: tambayoyi a kan QStateMachine

Ƙanena yana karatun kwamfuta a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Kwanan nan ya karɓi aikin rubuta wa wani mai sayen gyaɗa a kasuwar Maradi ƴar manhaja da Qt (kayan aikin gina manhajoji), mai zango uku: jira, awo, biya. Ga tambayoyin da ya zo mini da su bayan isha'i, da abin da na ce masa.

Yaya, me ya sa ma ake wahala da wannan injin na QStateMachine?

Domin manhajar ta san zangon da take ciki, injin ne ke riƙe mata wannan. Sigina, kamar clicked() na maɓalli, ita ke tashinta daga wani zango zuwa wani, wannan tashin shi ake kira ƙaura. Tsarin ya samo asali daga aikin David Harel na 1987, ya shigo Qt 4.6 a 2009. A Qt 6 an ware shi daban, ya dawo a 6.1, don haka sai ka ƙara StateMachine a fayil ɗin CMake, mai tsara yadda ake haɗa manhajar.

Na danna "Auna", shiru. Siginar ce ba ta fita?

Da wuya. Kowa siginar yake fara zargi, ni ma haka na yi shekarun baya. Ka fara tambayar: a wane zango injin yake lokacin da aka danna? Ƙaurar da ka ɗaura wa zangon jira ba ta jin kira sai injin yana jira, ko yana wani ƙaramin zango da ke cikinsa. In yana awo, siginar ta wuce ke nan, ba a ajiye masa ita. Sallama ce a ƙofar gidan da maigidan ya tafi gona.

To ka sa wa kowane zango suna da setObjectName(), ka haɗa entered() da exited() ɗinsa da qDebug() mai rubuta saƙo a tagar saƙonni, ka yi wa triggered() na kowace ƙaura haka. In kana son amsa nan take, configuration() zai nuna maka zangunan da ke aiki. Layi goma ne, amma sun fi kwana uku na zato. Da ƙanena ya gwada, sai ga shi injin bai taɓa shiga ko zango ɗaya ba.

Ai kuwa na kira start(). Ta yaya?

Hanya uku. Ko ka manta setInitialState(), injin ya ƙi tashi ya rubuta gargaɗi a tagar saƙonni, wadda ɗalibai ba sa karantawa. Ko ka ƙirƙiri injin a matsayin ɗan wucin gadi cikin aikin gina taga, aikin na ƙarewa ya mutu. Wannan ce ta kama ƙanena. Maganinta a yi shi da new a ba shi uwa, wato tagar kanta, don ya rayu muddin tana nan.

Ta ukun ta fi wayo. start() ba ya tayar da injin nan take, alkawari kawai yake ɗauka, sai zagayen exec(), mai karɓar saƙonnin manhajar, ya juyo. Siginar da ka saki a layin da ke bin start() ta ɓata. Ka jira started().

In kuma sunan siginar na rubuta ba daidai ba?

Da tsohon salon SIGNAL(), manhajar za ta haɗu lafiya, sai tana gudu ta yi gunaguni. Rubuta &QPushButton::clicked, kuskuren ya fito tun wurin haɗa manhajar, kafin ta fara gudu. A gwaji kuma QSignalSpy zai ƙirga maka sau nawa ta fita.

Ina so a wuce biya kawai in nauyin ya fi sifili.

Ka gaji QSignalTransition, ka sake rubuta eventTest(), mai yanke ko ƙaurar za ta faru. Fara kiran na asalin. In ya ce a'a, kai ma ka ce a'a. Bayan nan ne za ka mai da saƙon SignalEvent ka duba arguments(). Wanda ya tsallake matakin farko yana karanta kilo a saƙon da ba na sikeli ba, manhajar kuma tana iya faɗuwa gaban mai kaya da buhunansa.

Na ƙarshe, Yaya: duk sabon nauyin da ya shigo, allon sai ya goge.

Nuna mini inda ƙaurar ta nufa. Na sani, awo zuwa awo ka yi. Injin yana fita da gaske ya sake shiga, exited() da entered() duk su tashi, kai kuma a entered() kake share allo. Cire mata zangon da za ta sauka. Ƙaura marar masauki tana sakin triggered() ba tare da barin wurin ba, a nan za ka sabunta nauyin. Maɓallin "Soke" kuwa, kada ka ɗaura shi sau uku: tara zangunan ƙarƙashin uwa ɗaya, ka ɗaura mata shi sau ɗaya.