Wa ke biyan kuɗin kare yara daga gubar dalma a jihohin Amurka?

Tunda an hana fenti mai dalma, ina yara ke samun gubar?

An hana shi a gidajen zama tun 1978, amma tsofaffin gidaje na nan da shi. Duk buɗe taga da rufe ta sai fentin ya goge, ƙurarsa ta zuba ƙasa. Yaro mai rarrafe ya shafo, ya kai hannu baki. Ga kuma tsofaffin bututun ruwa na dalma.

Daga ina jihohi ke samun kuɗin?

Hukumar yaƙi da cututtuka ta tarayya, CDC, na tallafa wa aikin bibiyar sakamakon gwaji, ma'aikatar gidaje ta HUD na ba da kuɗin gyaran gidaje, shirin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma na biyan gwajin jinin yaran da ke cikinsa a wata 12 da wata 24. Dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ware dala biliyan 15 don sauya bututun dalma.

To me ya sa jiha za ta nemi nata?

Domin kuɗin tarayya ba shi da tabbas. A 2012 majalisar dokokin tarayya ta zaftare kasafin wannan shiri na CDC daga kusan dala miliyan 29 zuwa miliyan 2. Jihar Maine na karɓar santi 25, wato kwatan dala, a kan kowane galan na fenti da aka sayar, Kalifoniya kuma tun dokarta ta 1991 take cajin kamfanonin fenti da na man fetur. Irin wannan asusu ya fi amfani, saboda ba ya jiran muhawarar kasafi kowace shekara.

Me ake yi da kuɗin?

Ana fara gwaji da ɗigon jini daga yatsa. Idan dalmar ta kai maikirogiram 3.5 a desilita ɗaya na jini, sai a ɗebi jinin jijiya a tabbatar, don ƙurar da ke kan yatsa kan ɗaga sakamakon. Daga nan jami'i ya je gidan ya auna fenti, ƙura da ruwa.

Ina aikin ke lalacewa?

A wurin gyara. Gwaji ba shi da tsada, shi ya sa ake yawaita shi, alhali kafin jini ya nuna, dalmar ta riga ta shiga, kuma illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta komawa. Sauya tagogi da ƙofofi ne ke cin kuɗi. Mai gida da bai samu tallafi ba kan kankare fentin a bushe, ƙurar ta game ɗakuna. Aikin na ma'aikaci mai lasisi ne: a fitar da yara, a shimfiɗa leda, a jiƙa fentin kafin kankara, a sake auna ƙura kafin iyali su dawo.